Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Murhun da Ke Bayan Bango

A makon jiya na tsaya ne a ranar da muka karɓi makullin gidanmu na birnin Bradford a ƙasar Ingila, ɗaya daga cikin jerin gidajen dutsen nan da aka gina wa ma'aikatan masaƙun ulu tun zamanin Sarauniya Biktoriya.

Sati biyu da tarewarmu, ina ƙwanƙwasa bangon falo sai na ji wani wuri yana amsawa kamar ganga. Uwargida ta ce, "Abban yara, don Allah kada ka fasa mana bango cikin wannan sanyi." Na ba ta haƙuri, na ɓamɓare allon a hankali. Sai ga bakin murhu, an cika shi da guntayen bulo, kunkunniya ta yi masa baƙi ƙirin. Na daɗe a durƙushe ina kallonsa.

Inna ce ta faɗo mini a rai. Zuwanta na baya ta wuni kusa da hita, amma ta ce mini ɗumin da ba a ganin garwashinsa ba ya shiga ƙashi. Na san abin da take nufi. A Zariya, in hunturu ya kankama, kaskon wuta take ajiyewa tsakar ɗakinta, mu kewaye shi muna gasa dankali har barci ya kwashe mu. Ga shi za ta dawo a Disamba. A ranar na ƙudurta sai ta ga wuta da idonta a gidana.

Na kira mai sharar bututun hayaƙi, wani dattijon Bature. Ya riƙa haɗa sanduna yana tura buroshi sama, sai ga tsinkaye na zubowa: sheƙar wani ɗan ƙaramin hankaka da ke son yin gida a bututu. Da ya gama ya kunna ƙwayar hayaƙi a murhun, ya sa aka rufe bututun ta sama. Ba a jima ba hayaƙi ya fara tsattsafowa a ɗakin yara, ta wata tsaga da ban taɓa lura da ita ba. Jikina ya yi sanyi. Da na hura wuta a haka, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, nan za ta bi ta same su suna barci.

Ya ce dole a zura sabon bututu a cikin tsohon, a kuma gyara kan da ke saman rufi. Birkila ya ƙi sa siminti, ya ce irin wannan gini kwaɓin farar ƙasa yake so, don siminti na riƙe damshi har dutse ya fara ɓarewa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne maganar itace. Tun bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952, aka yi dokar tsabtace iska a 1956, kuma unguwarmu na cikin wuraren da aka hana hayaƙi. A buɗaɗɗen murhu sai gawayin da hukuma ta amince da shi. Ni kuwa ƙamshin itacen nake son Inna ta ji.

Da dare na toshe bakin murhun da kwali, na ɗauko takardar kuɗin aikin na miƙa wa uwargida. Amsar da ta ba ni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.