Zare, noti da agogon waya: auna jan ƙasa a tsakar gida

Ɗalibi nawa ne a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno, Gadarif ko Kasala zai karanto maka T = 2π√(L/g) da ka, amma bai taɓa ɗaura ko tsakuwa a zare ya ƙirga ba? Wannan lissafin lilo ne: T lokacin kai-da-komo ɗaya, L tsawon zare, g kuma jan ƙasa, wanda shi za mu auna. Babin da littafin fizika na Larabci ke kira "al-haraka at-tawafuƙiyya al-basiɗa", wato babin motsin kai-da-komo, yana cikin abin da masu shirin Shahada Sudaniyya, jarrabawar gama sakandare, ke haddacewa, kuma abin yana damuna, domin babu babin da ya kai shi sauƙin gwadawa da hannu. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji, ba ya buƙatar lantarki. A nan "sakan" zan riƙa cewa, tunda a bakinmu "daƙiƙa" minti ce, a Kano kuwa sau da yawa sakan ake nufi da ita.

Ga jigon maganar. Abu yana da mazauninsa. In ka janye shi, wani ƙarfi zai ja shi ya koma, kuma ƙarfin nan yana daidai da nisan da ka janye: ka ninka nisa, ƙarfi ya ninku. Duk inda wannan sharaɗi ya cika, lokacin kai-da-komo ɗaya ba ruwansa da nisan. Wanda aka ja da nisa hanyarsa ta fi tsawo, amma jan da ake masa ya fi ƙarfi, sai ya fi gudu, su iso tare. Galileo ya lura da haka, Huygens kuma ya gina agogon lilo a kansa a 1656.

Kayan aiki: zaren ɗinki mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, babban noti na ƙarfe daga wajen bakanike, tef ɗin tela, da agogon waya. Kada a yi amfani da zaren roba ko igiyar leda, suna ƙara tsawo in nauyi ya ja su. Kada kuma a ɗaura kwalbar roba ko ƙwallo mara nauyi, iska za ta kashe lilon kafin ka gama ƙirga.

Wurin ratayawa shi ne inda aka fi yin kuskure. In ka naɗa zaren a reshe ko a ƙusa mai kauri, to yayin da yake kaɗawa yana naɗuwa yana warwarewa, tsawonsa na canjawa ba ka sani ba. Ka matse zaren tsakanin ƙananan katako biyu, ko ka tsaga bakin kara ka sa shi a ciki, ya zama akwai takamaiman wuri guda da yake juyawa. Tsawon L kuwa daga wannan wurin ne zuwa tsakiyar notin, ba zuwa ƙullin da ke samansa ba. Kuskuren santimita 1 a zare mai mita 1 yana jawo kuskuren kashi 1 cikin 100 a amsarka. Ka auna bayan notin ya rataya, ba zaren na kwance a tabarma ba. Tef ɗin tela da ya tsufa yakan miƙe, don haka a gwada shi da rula tukuna.

Ka ja notin gefe kaɗan. A zaren mita 1, santimita 15 ya isa, wato ƙasa da digiri 10. Dalili shi ne lilo ba ya cika sharaɗin nan sai a ƙaramin kusurwa. A digiri 10 lokacin yana ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin 100, wanda agogon hannu ba zai gani ba. A digiri 30 ya kai kashi 1.7, a digiri 60 ya wuce kashi 7. Yaro yakan so ya ja da nisa don ya ga abin yana tashi sosai, daga baya ya ce littafi ya yi ƙarya. Saki kawai za ka yi, ban da turawa. In ka ga notin ya fara zagaye kamar ƙwai maimakon ya bi layi ɗaya, tsayar da shi ka sake.

Ƙirga: ka zana layi a ƙasa daidai ƙarƙashin notin, ka danna agogo lokacin da yake wuce layin, ba lokacin da ya kai ƙarshe ba. A ƙarshe yana rage gudu har ya tsaya, ido ba ya iya tantance lokacin. A tsakiya ne ya fi sauri. Danna agogon ka ce "sifili", ba "ɗaya" ba. Wannan ƙaramin abu yana ɓata aikin mutane da yawa: su ƙirga 20 alhali 19 aka yi, kuskuren kashi 5 a lokaci, wanda ke zama kusan kashi 10 a g. Kai-da-komo ɗaya shi ne ya wuce layin, ya dawo, ya sake wucewa ta ɓangaren da ya fara. Yatsa yana makara da kusan sakan 0.2. In ka auna guda ɗaya tak, wannan kashi 10 ne na sakan 2. In ka auna 20 ka raba, ya koma rabin kashi ɗaya.

Zaren mita 1 zai ba ka kusan sakan 40.2 a kai-da-komo 20, wato T = 2.01. Santimita 50 zai ba da 1.42, santimita 25 kuma 1.00. Lura: sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin lokaci ya ninku sau biyu, aikin alamar √ ke nan. Sai ka juya lissafin: g = 4π²L/T². Wanda ya fi son tsafta ya auna tsawo biyar, ya zana T² a kan L (L a mita), zai sami miƙaƙƙen layi mai hawan kusan 4.04, ya raba 39.48, wato 4π², da shi ya sami g. In layin bai bi ta sifili ba, to L ɗinka duka sun kauce da adadi ɗaya, amma hawan layin zai ba ka amsa daidai duk da haka. Shi ya sa na fi son wannan hanya.

Kada ka tsorata in ba ka sami 9.81 ba. Wannan adadin ƙasashen Turai ne. A yankin Sinnar da Khartum g yana kusa da 9.78, saboda mun fi kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, inda take da kumburi kuma juyawarta ke rage nauyi kaɗan. A 1672 Jean Richer ya kai agogon lilo daga Paris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, ya tarar yana makara da kusan minti biyu da rabi kullum. Da zare da waya, duk amsar da ta faɗa tsakanin 9.6 da 10.0 aiki ne mai kyau. Sannan ka canja notin da wanda ya ninka shi nauyi, L na nan yadda yake: lokacin ba zai motsa ba.

Sifirin kuwa nauyi yana shafarsa: T = 2π√(m/k), inda m nauyin da aka rataya masa ne, k kuma taurin sifirin. In giram 200 ya miƙa shi da santimita 8, k ya kama kusan 24.5 kuma T sakan 0.57, daidai da lilo mai zaren santimita 8. In ka ja shi har ya kasa komawa yadda yake, ya fita daga dokar Hooke, wadda ta ce miƙewa tana daidai da ƙarfin ja, lissafi ya lalace.

Taguwa ita ce wannan kai-da-komon yana yaɗuwa daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Jefa dutse a inda kogin Bahar Azraƙ ya kwanta, ka kalli ganyen da ke kan ruwa: hawa da sauka yake yi, taguwar ta wuce ta bar shi. Ƙarfi ne ke tafiya, ba ruwan ba. Gudun taguwa shi ne yawan kaɗawarta a sakan sau tsawonta, v = fλ. Yawan kaɗawa daga mai kaɗawa yake, gudu kuma daga abin da take bi. Mai gurmi in ya ɗaure tsirkiya yana ƙara gudun taguwa a cikinta ne, shi ya sa murya ke tashi, kuma sai ya ninka ɗaurin sau huɗu kafin kaɗawa ta ninku sau biyu. Ruwan bokiti da ke fantsama a ka, takun mai ɗauka ne ya yi daidai da lokacin kai-da-komonsa. Canja taku, ko sa ganye a kai, sai ya lafa.

Gudun sauti ma ana iya auna shi. Littafi yakan ce mita 343 a sakan, amma wannan a zafin digiri 20 ne. Kowane digiri yana ƙara kusan 0.6, don haka da rana tsaka a watan Afrilu, a digiri 42, ya kai 356. Ka tsaya mita 50 daga doguwar katanga a fili, ka buga katako biyu, ka daidaita bugun har kowane bugu ya haɗu da amsa-kuwwar na baya. Abokinka ya auna tazara 20, shi ma daga sifili zai fara. A zafin digiri 35 zai sami kusan sakan 5.7. Sautin ya yi mita 100 sau 20, wato 2000, ka raba da 5.7, ka sami kusan 350. In amsar ta fito wajen 175, to bugunka ya yi jinkiri, kana barin amsa-kuwwa ta faɗo a tsakanin bugu biyu. Ka ninka saurin bugun, ku sake aunawa.