Birki ne ke tona asirin ɗan na'ura

Shekara shida ke nan ina haɗa na'urorin kwaikwayon tuƙi, ina kuma horar da masu sha'awar tseren mota. Mu uku ne a wurin: ni, da mai walda, da yaron da ke kula da kwamfutoci. Duk sabon kwastoma da tambaya ɗaya yake shigowa: in na ƙware a nan, zan iya a fili?

Abin da ido ya koya ba ya ɓata. Manhajoji irin su iRacing da hasken leza ake auna musu filayen tsere na gaske, har tudu da gangare da gargadar kwalta. Wanda ya zagaya filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, sau ɗari a kan allo, ya san kwanar da ke ɓoye bayan kowane tudu. Masu gardama nakan ba su labarin Jann Mardenborough, wanda ya ci gasar GT Academy a 2011 daga wasan bidiyo na Gran Turismo, a 2013 kuma ya zo na uku a rukuninsu a tseren motoci na gaske na sa'o'i 24 a Le Mans ta Faransa. Sai dai ina ƙara musu da cewa watanni Nissan ta yi tana horar da shi a mota ta gaske.

Matsalar a ƙafa take. Fedar birki mai araha nisan da ka taka take aunawa, ita kuwa motar tsere ƙarfin takunka take ji. Shi ya sa in kuɗin mutum bai kai ba, nakan ce ya haƙura da sitiyari mai tsada, ya sayi feda mai auna nauyi. Ribata ta fi yawa a sitiyarin, amma gaskiya gaskiya ce.

Akwai wani ɗalibina da ya fi ni gudu a na'ura nesa ba kusa ba. Ranar da muka kai shi fili, tun da nisa yake taka birki a kowace kwana. Ya sauko gumi sharkaf, wuya ya ƙage, ya ce mini, "Oga, motar nan jifa take da ni." A na'ura bayansa bai taɓa jin taya na zamewa ba, kuma in ya daki bango maɓalli kawai yake dannawa ya sake.

Tun daga ranar na kafa doka: wanda ya yi karo a na'urata, horonsa na wannan rana ya ƙare, kuma ba na mayar da kuɗi.