Yaushe Ya Sha Nono?

Duk wanda ya taɓa neman jijiyar jariri don ɗibar jini ya san wahalar. Hannu ɗan mitsitsi, jijiya kamar zare, yaro na tsala ihu yana zillo, uwa ta danne shi ta kau da kai, kai kuma gumi na keto maka. Wani lokaci sai an soka sau uku kafin a samu abin kaiwa ɗakin gwaji. Shi ya sa ranar da aka koya mana ɗibar yawu na ji kamar an sauke mini kaya. Ɗan tsinke ne mai soso a kai, ka sa a kumatun yaro, ya jiƙe, ka mayar cikin kwalba ka rufe. Na ce wa Sista, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, wannan ai ko ɗan koyo na makon farko zai iya. Ta dube ni kawai ta ci gaba da rubutunta.

Ba a daɗe ba aka turo mana jariri ɗan kwana 12 da bai tsallake gwajin ji ba. Likita yana zargin ƙwayar cutar da ake kira CMV. Yawancin manya sun taɓa ɗaukarta ba su ma sani ba, amma idan ta ratsa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki tana iya taɓa kunne da ƙwaƙwalwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa jariri 1 cikin 200 ana haifarsa da ita, kuma 1 cikin 5 na waɗannan yakan samu matsala mai ɗorewa. In ka cire kurumtar gado, babu abin da ya fi ta jawo kurumta ga yara. Jaririn da ke ɗauke da ita yana zubar da ita sosai a fitsari da yawu. Shi kuwa fitsarin jariri sai ka manna leda ka zauna gadi, sau da yawa ya zube a banza, don haka aka fi farawa da yawu.

Na tarar da yaron a cinyar uwarsa, ya yi luf, bakinsa jiƙe sharkaf. Har daɗi na ji, don sabbin jarirai ba su da yawu sosai, sai wajen wata uku suke fara dalala. Nan take soson ya jiƙe. Sakamako ya fito: akwai cutar. Likita ya yi wa uwar bayani, ya ce a kawo fitsari a tabbatar. Da takardar ta iso hannun Sista, sai ta kira ni gefe. "Lokacin da ka ɗiba, yaushe ya sha nono?" Na yi shiru. Ban tambaya ba, kuma da na tuna yadda ya yi luf, na san amsar.

Matan da suka taɓa ɗaukar CMV, da yawansu tana fitowa a nononsu. Ga jaririn da ya cika watanninsa wannan ba abin tsoro ba ne, kuma ba dalilin hana shi nono ba ne. Amma gwajin PCR, wanda da shi ake duba yawun, burbushin ƙwayar cutar yake nema, ba ruwansa da daga jikin wa ta fito. Abin da na kai ɗakin gwaji rabinsa nonon uwa ne. Ƙa'idar ita ce a bari aƙalla awa ɗaya bayan shayarwa, kuma tana rubuce a takardar da aka ba mu, ni ne na karanta da ido ɗaya. Fitsari ya fito babu komai. Kafin nan dai baiwar Allah ta yi kwana biyar tana tafa hannu a bayan kan ɗanta ta ga ko zai juyo.

Akwai kuma wa'adi. Dole a ɗibi samfurin kafin jariri ya cika kwana 21. In ya wuce, ko an ga cutar ba za a iya cewa da ita aka haife shi ko daga baya ya ɗauka ba, alhali wadda aka ɗauka a ciki ce mai haɗarin, kuma ita ake bai wa maganin wata shida idan alamunta sun bayyana. Da yaron nan ɗan kwana 19 ne, da sakacina ya cinye ragowar kwanakin.

Daga nan na koma na karanci yawu kamar yadda ya kamata tun farko. Kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka duk abin da kake nema a tsinke yake. Kuma abin da ke baki ba iri ɗaya ba ne: akwai yawun kansa, akwai wani ɗan ruwa da ke tsatsowa ta tsakanin haƙori da dasashi, shi ke ɗauko sojojin garkuwar jiki daga jini. Gwajin ƙyanda, wanda Ingila take amfani da shi tun 1994 don tabbatar da cutar, wannan ruwan yake bukata. Sai ka goga soson a dasashi kamar mai goge baki, wajen minti biyu cur. Minti biyu a bakin yaro mai zazzaɓi ba kaɗan ba ne, kuma wanda ya gaji ya tsaya a rabi yana iya samun sakamakon da ke cewa lafiya lau, a mayar da mai ƙyanda cikin 'yan ajinsu. Gwajin ƙanjamau na baki, mai fitowa cikin minti 20, shi ma garkuwar yake nema, saboda haka ba ya aiki ga yaron da bai kai wata 18 ba: garkuwar uwarsa ce ke yawo a jikinsa.

Inda na ga yawu ya fi jini kuwa shi ne awon kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan an shiga firgici ko wahala. Yana hawa da safe, ya sauka ƙasa da tsakar dare, kuma akwai cutar da ake ganewa idan ya ƙi sauka. To ka kwantar da yaro a asibiti, ka tsorata shi da allura, ka riga ka taɓa abin da kake son aunawa. Da yawu kuwa uwa ce za ta ɗiba a gida wajen 11 na dare, yaro na kan gadonsa. Sai dai aikin ya koma hannunta ke nan, kuma komai ya dogara ga yadda na yi mata bayani. Kada ya ci ko ya sha na rabin awa. Kada a goge masa baki, don ɗigon jini daga dasashi yana ɓata awon. In tana shafa masa man ƙaiƙayi mai haidirokotison, ta wanke hannu, kada ta taɓa soson, domin maganin da sinadarin abu ɗaya ne, ɗan shafarsa sai ya harba sakamako sama.

Lokacin korona ne iyaye da yawa suka san wannan hanya. A Jamus, a 2021, 'yan firamare kan tsotsi tsinken kamar alawa na daƙiƙa 30, a haɗa na aji guda a gwada tare. Tun daga nan nake shan tambaya: "Malam, ba za a yi masa da yawu ba?" Sau da yawa amsar a'a ce. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, yawan ƙwayoyin jini, duk sai an soka, kuma na fi son in faɗa kai tsaye da in bar uwa da ran banza.

Yanzu kafin in buɗe ledar tsinken nake tambaya, in rubuta lokacin a gefen takarda. Idan uwa ta ce yanzun nan ya saki, sai in ce, "Maman yaro, sai dai ki yi haƙuri mu jira." Awa ɗaya ga jariri tana da tsawo. Bakin ya bushe, soson ya ƙi jiƙa da wuri, yunwa ta motsa, ya fara tsala ihun nan da na zaci allura ce kawai ke jawo shi. Uwa na jijjiga shi tana hararata, ni kuma ina duban agogo.