Ranar Jan Hannu, daga makarantarmu zuwa Rigasa

Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025

Yau ce Ranar Jan Hannu. Tun makon jiya ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yanke shawarar raba yinin gida biyu, safiya a cikin makaranta, da hantsi kuma mu nufi Rigasa, nan cikin Kaduna, mu sa yaran 'yan gudun hijira a makaranta. Ni aka ɗora wa sayayya, don haka bakwai da rabi ta yi mini a gindin darbejiyar gaban laburare, da farin yadin da na yanko jiya a Kasuwar Gumi, da galan ɗin jan fenti, da tsofaffin farantai biyu da Mama ta ba ni.

Abin ba wuya. Mai wucewa ya tsoma tafinsa a fenti, ya manna a yadi, ya rubuta sunan garinsu a ƙasa, alamar cewa bai yarda a sa yara cikin yaƙi ba. Ranar 12 ga Fabrairun 2002 ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki, wadda ta hana ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ɗaukar duk wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana gwamnatoci tilasta wa yara shiga soja. Najeriya ta amince da ita a 2012. Wannan bayanin na yi ta maimaitawa har muryata ta fara dishewa, ga hazo yana cika maƙogwaro.

Wani ɗan aji huɗu ya tsaya, hannu cikin aljihu, ya ce, "Malama, ai wannan zancen Saliyo ne da Kwango. Mu me ya haɗa mu da shi?" Kafin in buɗe baki mataimakiyar shugabarmu ta karɓe. Ita asalinta Kajuru, a Sabon Tasha take zaune, ni kuma 'yar Tudun Wada, kuma ba don wannan ƙungiyar ba da wuya in taɓa tsallaka gada in shiga gidansu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna masa cewa a Maiduguri, cikin Mayun 2019, 'yan kato da gora sun sallami yara 894 daga cikinsu a rana guda. Ta ce in Borno ta yi masa nisa, to ga Afaka nan bayan Mando, inda aka kwashe ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a Maris ɗin 2021, ɗalibai irinmu. Ga jami'ar Greenfield a wata na gaba, inda aka kashe biyar daga cikin waɗanda aka ɗauke. Ga yara 121 na makarantar Bethel a Yulin shekarar. Ga Kuriga, da ko shekara ba ta cika ba: ranar 7 ga Maris, 2024 aka afka wa makarantar bayan an gama asambili, yara 137 suka dawo bayan sati biyu da 'yan kwanaki, malaminsu bai dawo da rai ba. Sace yara da kai hari makaranta suna cikin manyan laifuka shida da Majalisar ke bibiya a kan yaran da ke wuraren rikici. Ya yi shiru, ya cire agogonsa, ya tsoma hannu. A ƙasa ya rubuta Giwa.

Kafin goma yadin ya cika. Na tsaya ina karanta sunayen garuruwa: Birnin Gwari, Zangon Kataf, Ƙanƙara, Tsafe, Gwoza, Kagara. Kowane gari da labarinsa, kuma masu labarin suna zaune tare da mu a ɗakin lakca kullum ba mu sani ba.

A nan ne muka yi 'yar gardama. Mai kula da shafinmu na Facebook ya ce in mun je Rigasa a ɗauki hotunan yaran, fuska a bayyane, domin a cewarsa hoton yaro mai tsumma ne ke sa mutane su buɗe aljihu. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, kuɗinmu ne ba su da yawa, karo-karo ne na ɗari biyu da ɗari biyar. Shugabarmu ta ƙi, ni ma na ƙi. Wasu iyayen gudowa suka yi daga hannun mutanen da suka san fuskarsu, kuma waya tana zuwa har cikin daji. Ban da haka ma, yaron nan zai girma, wata rana ya ga kansa a intanet an yi bara da shi. An tsaya a kan za a ɗauki littattafai da hannuwa kawai.

Keke napep uku muka cika. Mai unguwa na jiranmu a zaurensa, shi ya haɗa mu da mutanen tun farko. Ya ce, "'Yan boko, kun cika alkawari," ya sa yaronsa ya raka mu.

Duk wanda ya ji an ce 'yan gudun hijira, tantuna yake hangowa da layin karɓar abinci irin na Maiduguri. Waɗannan ba haka suke ba. Daga ƙauyukan hanyar Birnin Gwari suka fito, wajejen Buruku da Udawa, suka watsu cikin unguwa, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Shi ya sa ba a ganinsu. Kangon da muka shiga ɗakuna huɗu ne, biyu kaɗai ke da rufi. An toshe tagogi da buhunan siminti, an rataya tsohon zane a madadin ƙofa. Murhu a tsakar gida, tukunya guda, ana dafa garin masara. Ƙafafun yaran duk faso, hunturu ya yi musu fari fat. Wata yarinya da ba ta wuce tara ba tana jera awara a bokiti za ta fita talla, ƙanenta goye a bayanta.

Na durƙusa na gaida babbar cikinsu. Ta ce, "Tashi 'yata, zauna nan," ta gyara mini gefen tabarma. Na ce, "Inna, mun zo kan maganar makarantar nan ne." Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "Yarinya, a makaranta aka kwashi na Kuriga. Ni na gudo da nawa da ƙyar, yanzu in ɗauke su da hannuna in kai inda ake tara su?"

Ban musa mata ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da na iya ce mata shi ne makarantar tana tsakiyar unguwa, tafiyar ƙafa ce, kuma ta taso mu je tare ta gani da idonta, in ba ta kwanta mata ba shi ke nan. Ta yafa mayafi.

Jikanta ne ya tsaya mini a rai. Shekararsa goma sha uku, dogo, siriri, yana zaune a bakin ƙofa, duk inda aka yi motsi sai ya waiga. Inna ta gaya mini a hankali cewa a gona aka ɗauke shi tare da kawunsa. Ya yi watanni a daji yana ɗebo musu ruwa, yana tura babur in ya maƙale, yana ɗaukar kaya, har sai da aka sayar da gona da shanun huɗa aka biya fansa. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Amma yaran unguwa sun ji labari, yanzu infoma suke ce masa, wani makanike da aka kai shi koyon aiki ma ya mayar da shi. Raina ya ɓaci sosai. An sace yaro, an bautar da shi, ya dawo, mu kuma muna hukunta shi a kan abin da aka yi masa. Ita yarjejeniyar da muka yi ta faɗa da safe ta wajabta wa gwamnatoci taimaka wa irin waɗannan yara su warke su koma cikin jama'a. A Satumbar 2022 ma Najeriya ta sa hannu da Majalisar cewa yaron da sojoji suka samu a fagen fama a miƙa shi ga hukumomin farar hula. To amma takarda ba ta hana yaran layi jifan mutum da baƙar magana. Wannan aikin na manyan unguwa ne da limamai da iyaye, kuma mun roƙi mai unguwa ya kira iyayen yaran ya yi musu magana.

Na ce masa, "Ƙanena, aji nawa ka tsaya?" Ya ce huɗu. Na miƙa masa littafin Hausa, ya bi layi biyu da yatsa, yana haɗa baƙi sannu a hankali, amma ya karanta. Da na ce za mu je makaranta yanzu, tambaya ɗaya ya yi mini: "Anti, tana da katanga?"

Tana da ita. Shi ya fara dubawa da muka isa, ya bi ta da ido har kwana.

Hedimasta dattijo ne, gilashi a goshi, alli a hannun riga. Ya ce ina takardar haihuwa, ina ta canjin makaranta. Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, da kayan jikinmu muka fito." Ya sauke gilashin ya dube ta, ya ce ba zai mayar da yaro gida saboda takarda ba, a nemo ta haihuwar daga baya a Hukumar Ƙidaya. Ya sa wata malama ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, karatu da lissafi, aka rubuta yara goma sha wani abu a rijista. Yaron nan aji huɗu aka mayar da shi, ya fi kowa tsawo. Malamar ta ce za ta ba shi monita na goge allo, don in yana da aiki a hannu ba za a raina shi ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Amma hedimasta bai ɓoye mana komai ba. Ya leƙa da mu wani aji, yara sun haura ɗari, fiye da rabi a ƙasa suke zaune, malama ɗaya. Ya ce, "'Ya'yana, rubuta suna ba shi ne wahala ba. Ku dawo bayan wata guda ku ƙirga nawa suka rage." Gaskiya ya faɗa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma uwar da abincin darenta ke cikin bokitin awara, ranar da babu ciniki yarinyar za ta cire. Kuma ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo tun 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a Oktoban 2021, cikin shekarar da aka kwashi na Afaka da Bethel da Jangebe. Ina alfahari da sa hannun, ina kuma so in ga amfaninsa a ƙauyen su Inna, inda makarantar ke rufe har yau.

Muka raba littattafan rubutu da fensira a ofis. Yunifom kuwa ya ce su zo da kayan gida tukuna. A gindin bishiyar makarantar muka raba aiki: kowane ɗalibi biyu su riƙe gida ɗaya, su leƙa duk mako, su duba littafi, in yaro ya yi fashi su bi sawu. Ni da mataimakiyar shugaba muka ɗauki gidan Inna. Ita 'yar awara, mun shawo kan uwarta ta bari sai an taso sannan ta fita.

Sai bayan la'asar na iso gida. Da dare ina ba Baba labari yana cin tuwo, ya ce, "To ai an yi sulhu a Birnin Gwari, har gwamna ya buɗe kasuwar shanu ƙarshen bara. Ba za su koma ba?" Na ce Inna ta ce sai ta ga an yi damina guda lafiya, kuma gonar ma an sayar. Na ce masa, "Baba, ina murna da sulhun, Allah Ya ɗorar. Amma da masu bindiga aka zauna. Yaran fa?" Kuma ba na ƙauyuka kaɗai nake nufi ba. Akwai 'ya'yan Fulani da aka haifa a dajin nan, aka ƙone rugagensu, aka kore musu shanu, ba su taɓa ganin allon makaranta ba. Waɗanda suka kuɓuto suna yawan faɗin cewa cikin masu gadinsu har da yaran da gemu bai fito musu ba. Su ma manya ne suka ɗora musu bindigar. Akwai kuma marayun Tudun Biri, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi ranar 3 ga Disamba, 2023, mutum aƙalla 85 suka rasu. Baba ya ajiye cokalin miya, ya ce in riƙa dawowa kafin magariba, kuma kada mu je ko'ina sai da sanin mai unguwa. Daga nan ya ciro dubu biyar ya ce a ƙara a kuɗin yunifom.

Gobe yaran za su fara zuwa. Ina da lakca ƙarfe takwas, don haka mataimakiya ce za ta raka su, ni kuma in rubuta wa hukumar ilimin firamare ta jiha takardar neman bencina, mu haɗa da hoton yadin. Jibi in sha Allah zan koma da igiyar awo. Telan layinmu ya yarda zai yi mana ragi, amma ya ce in kawo awon cikin satin nan, don muna tsakiyar Sha'aban, da azumi ya kama ɗinkin sallah ba zai bar shi ya taɓa namu ba.