Ba girin-girin ba, ta yi mai: tankin da na ƙara wa motata

Duk wanda ya tashi a Kano ya san jarka a cikin but. Idan wahalar mai ta zo, ka tsaya wurin 'yan bumburutu, ka cika lita ashirin da biyar, ka toshe bakin da leda, ka jefa a baya, sai tafiya. Da wannan tunanin na zo Amurka, kuma da shi na kusa ƙone kaina a Texas. Ƙannena masu sha'awar mota, ku ba ni aron kunnuwanku, don na ga hotunan da kuke turowa na motocin tsere, na kuma ga tambayar nan tana yawan dawowa: yaya ake ƙara tanki na biyu?

Tseren da nake magana a kai shi ne na miƙaƙƙen layi: motoci biyu su jeru, fitila ta ba da kore, kowa ya take totur har ƙarshen kwatar mil, wato mita 402. Babu kwana, babu zagaye. Hukumar irin wannan tsere ta Amurka, NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 don a raba samari da tsere a kan titin jama'a, ita ce ke da littafin dokokin da filaye da yawa suke bi. Ni a filin Baytown da ke gabas da Houston na fara, wanda yanzu an rufe shi. A daren Juma'a kowa yana iya zuwa da motarsa ta gida, ya biya kuɗin ƙofa, a duba motar, ya shiga layi.

Motata tsohuwar Ford Mustang ce ta 1989, mai silinda takwas, irin wadda bayanta ke buɗewa gaba ɗaya da gilashi. Na ɗan taɓa ta nan da can, tana yin daƙiƙa goma sha uku da ɗoriya. Ina son in sauko goma sha biyu. Sai na lura manyan da ke wuce ni kamar ina tsaye, kusan kowannensu da ɗan tankin alminiyom a baya, yana ƙyalli, ga wani ƙamshin mai daban da ke tashi daga salansarsu. Na ce to, ashe nan asirin yake. Ban tambayi kowa ba. Na sayi tanki mai cin galan biyar, kimanin lita 19, da famfo, da tiyo, da bawul na sauya hanya, da niyyar in riƙa yawo da man gidan mai, in na zo fili in juya zuwa man tsere mai oktan 110.

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Oktan ba ƙarfi ba ne. Ma'auni ne na yadda mai ke jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa kafin lokaci ba. Injin da aka matse sosai, ko mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ko mai shan naitiros (iskar da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi), yana buƙatar wannan juriyar, in ba haka ba fistin zai sha duka har ya huje. Injina kuwa matsinsa na kamfani ne, wajen tara bisa ɗaya, man oktan 93 na gidan mai ya ishe shi har da saura. Ba shi 110 tamkar ka saya wa jaki sirdin dokin sarki ne: kuɗin sun tafi, tafiyar tana nan yadda take. Ƙari a kan haka, man da na saya yana da dalma a ciki, ita kuwa dalma tana kashe na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa tana gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba injin. Biyu na canza kafin in gane abin da ke cinye su.

Na ɗaura tankin a ramin safaya, da kaina, ranar wata Asabar. Na ja tiyon roba daga baya har gaba. Ɗan bututun numfashin tankin kuwa na lanƙwasa shi na bar shi nan cikin motar, don ban ga amfaninsa ba. Mako guda ina yawo ina jin warin fetur, ina sauke gilashi, ina ce wa kaina sabon aiki ne, zai daina. Mai ɗakina ta shiga sau ɗaya, ba mu kai ƙarshen layinmu ba ta ce, "Malam, tsaya in sauka. Wannan ai gidan mai ka mayar da ita." Na yi dariya. Ita ce mai gaskiya.

Ranar Juma'a mai duba motoci ya ɗaga bayan, ya haska tocila, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ba zan shiga ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, amma bawan Allah nan bai yi mini komai ba sai alheri. Ya nuna mini abu uku. Na ɗaya, a irin motata babu bango tsakanin but da kujeru, don haka ni da tankin a ɗaki ɗaya muke. Doka ta ce sai an raba da farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla inci 0.024, ko na alminiyom mai 0.032, a toshe ko'ina. Na biyu, numfashin tanki dole ya fita wajen mota. Na uku, tiyon roba zalla ba a yarda ya wuce inci 12 ba a duk motar, wato kamar santimita 30, don haɗa gaɓoɓi kawai. Sauran sai bututun ƙarfe ko tiyo mai saƙar waya. Ni kuwa na ja kusan mita huɗu, har wani wuri yana gogar ƙarfe kusa da salansa.

Ku tsaya a kan maganar numfashin nan, don ita mutanenmu suka fi rainawa. Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne, kuma ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙin murhu, kwanciya yake yi a ƙasa, a rami, a ƙarƙashin kafet, yana jiran tartsatsi. Ni kuma a ramin nan na ɗaura famfon lantarki, da wayoyin da na murɗa da hannu na naɗe da salatif, babu rilai, fiyus ɗin ma na kintata ne. Har na tsallake ɗan makunnin da kamfani ya sa a bayan motar, wanda ke yanke wa famfo wuta idan aka yi karo. Da an buge ni ta baya a makon nan, famfon zai ci gaba da feso mai ina ciki. Allah ne kawai ya tsare. Wannan dalilin ne ma ya sa tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari a hannun mai walda, domin tururi ne ya cika shi.

Na koma na gyara ukun nan, na kashe kuɗin da suka ninka na tankin. Aka duba, aka bar ni na shiga. A nan ne na yi abin kunyar da har yau abokaina ke tsokanata da shi.

Motoci irin tawa, famfo yana turo mai fiye da abin da injin ke sha, ragowar kuma ta koma tanki ta wani bututu daban. Hanya biyu ce, ta zuwa da ta dawowa. Ni na sa bawul a kan ta zuwa kaɗai. Ta dawowa na bar ta inda kamfani ya sa ta, a babban tanki. Ku yi lissafin da ni ban yi ba: famfona yana tura lita 255 a awa, ƙaramin tankin lita 19 ne. Cikin minti huɗu da rabi ya kwashe shi tas, ya juye a babban tanki, wanda na cika a hanya saboda kada in tsaya da dare. Ina cikin layi ina ɗumama inji, ina jin kaina wani ne, sai na ga ma'aikacin fili ya nufo ni a guje yana yi mini alamar in kashe. Mai ne ke tsiyaya ta bayan motar. Kafin in kai hannu ga makulli ma ta mutu da kanta, don ƙaramin tankin ya bushe. Aka tura ni gefe, aka zuba garin tsotse mai, aka tsayar da layin mutum wajen talatin saboda ni. Man tseren da na saya da tsada kuwa ya gauraye da na gidan mai, sauran yana ƙasa.

Wani abokina ɗan Zariya da muka je tare, yana tura motar yana haki, ya ce, "Injiniya, ai ka ƙirƙiro sabuwar hanyar dura." Sunan Injiniya ya bi ni daga ranar.

Duk wanda zai haɗa tanki biyu a inji ɗaya, tambayar farko ita ce: man da ya fita, ina zai koma? Ko dai bawul mai juya hanyar zuwa da ta dawowa a lokaci guda, ko kuma kowane tanki da famfonsa da matatarsa da hanyarsa. Na sayi irin bawul ɗin, na koma karo na uku.

Wannan karon ta tashi da kyau, sai a giya ta biyu ta yi tari, ta saki, ta sake kamawa. Sau uku haka. Wani dattijo ɗan Meziko da ke fakin kusa da ni, wanda ya fi shekara talatin a harkar, ya leƙa ya ce, "Yaro, wa ya juya maka tankin nan?" A ƙasan tankin tsere akwai ɗan lotsi inda bututu ke ɗiban mai, kuma baya ya kamata ya kalla. Idan mota ta zabura, man yana ruɗawa baya ne, kamar ruwa a bokitin da aka fizga. Ni na juya lotsin gaba don tiyo ya fi sauƙin kaiwa. Duk lokacin da na take, man ya gudu ya bar bakin bututu, famfo ya zuƙi iska. Famfon ma na ɗaura shi sama da tankin, alhali irinsa turawa ya iya, ja ba aikinsa ba ne. Ƙasa da tanki ake sa shi mai ya gangaro masa. Inji a tsakiyar gudu ya rasa mai, iska ta yi masa yawa, zafi ya hau. Da na kwance filogi, bakinsu ya yi fari fat, ɗaya har ya fara narkewa. Da da naitiros nake, da a tirela za a kai ta gida.

Bayan na gyara wannan ma, takardar lokaci ta fito, kuma ban rage komai ba. Na ma ƙara. Tanki da mai da famfo da farantin bango sun haura kilo talatin, ga babban tanki a cike, litar fetur kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce. 'Yan tsere suna da ƙiyasin cewa kowane kilo 45 yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mota irin tawa ko rabin lita ba ta ƙonawa daga fitila zuwa ƙarshen layi, ni kuwa ina jan fiye da lita saba'in a baya. Dattijon ya karɓi takardar, bai ko kalli lambar ƙarshe ba, ya sa yatsa a kan lokacin ƙafa sittin na farko, kimanin mita 18. Ya ce, "Ga ɓarawonka nan. Tayarka ke juyawa a banza. Mai bai taɓa zama matsalarka ba."

Kada ku ɗauka ina cewa tanki na biyu shirme ne. Akwai masu buƙatarsa na gaske. Mai naitiros yakan sa ɗan tanki na galan ɗaya a gaba, da famfonsa, ya zuba mai mai oktan sosai wanda ba ya aiki sai ya danna maɓalli. Mai turbo da ke tsere da E85 (man da yawancinsa itanol ne, wani nau'in barasa) ko metanol (shi ma barasa ce da ake ƙonawa a inji) yana da hujja, domin E85 na buƙatar ƙarin kusan kashi talatin cikin ɗari a kan fetur, metanol kuwa wajen ninki biyu, ga su da jan ruwa daga iska da cin tsohuwar roba, har soson da ke cikin wasu tankunan sukan ruɓar da shi ya toshe matata. Masu shiga Drag Week, wanda mujallar Hot Rod ta fara a 2005, suna tuƙa motar tseren da kanta daga fili zuwa fili har kwana biyar, tafiyar kusan mil dubu, don haka da yawansu na da tsarin mai biyu cikakku, na hanya da na fili. Su injinsu ne ya nema. Ni idona ne ya nema.

Na san wasunku a gida kuke, inda babu filin tsere kusa, sai wasan mota a wajen biki da daren da titi ya yi shiru. A nan babu mai tocilan da zai hana ku shiga, babu motar kashe gobara a gefe, kuma wanda zai ɗaura muku tankin wataƙila mai waldar bakin hanya ne da ya saba yi wa masu tsallakar da mai ta kan iyaka. Abin da ya cece ni sau biyu mutanen da aikinsu ke nan ne su ce a'a. In ba ku da su, kada ku kwana da fetur a ɗaki ɗaya da ku, ko a jarka ko a alminiyom mai ƙyalli, kuma kada ku gwada gudun a titin da yara ke tsallakawa.

Na cire tankin a ƙarshen watan. Na mayar da makunnin karo, na sayi tayoyin baya masu taushi na tsere, na rage musu iska kamar yadda dattijon ya nuna mini, na je da rabin tanki na man 93. A gudu na biyu na ga 12.9 a takarda. Tankin kuwa na sayar wa wani saurayi mai turbo a rabin kuɗinsa, bayan na sa shi ya zana mini a bayan kwali inda bututun dawowarsa zai bi.