Takardar Alaramma da na ɓata

Watana bakwai da fara koyon haɗa firam a wani shago kusa da kasuwar Sabon Gari, wani alaramma daga Fagge ya kawo takardar zayyanar saukarsa. Rubutun hannu ne da tawadar gargajiya, an ƙawata gefe-gefe da ja da ruwan ɗorawa. Ranar maigidana ya tafi ɗaurin aure, ni kuma ɗokin nuna na iya ya ɗebe ni. Na zaɓo firam mai ruwan zinariya, na kifa takardar a jikin gilashi, na liƙe kusurwoyi da salatif, na toshe baya da kwalin taliya. Alaramma ya yaba, har da ƙarin na shan shayi.

Damina ɗaya, sai ga shi ya dawo. Rubutun ya manne a gilashi, salatif kuma ya bar tabo ruwan ƙasa a kusurwa huɗu.

Abin da ban yi tunani ba, ni da na yi makarantar allo: tawadarmu da gawayi da ƙaro ake yinta, don a wanke ta aka yi ta. A watan Agusta bango kan jiƙe, raɓa ta taru a cikin gilashi, ƙaron ya yi laushi ya kama abin da ya taɓa. Maigida bai yi faɗa ba. Ya yanko kwali mai kauri, ya huda masa taga a tsakiya, ya ce, "Kai yaro, takarda ma numfashi take yi, ka ba ta wuri." Kaurin kwalin nan, da bai fi milimita 2 ba, shi ke raba gilashi da aiki. Kuma daga sama kawai ake rataye takardar, da siririyar takarda da sitati, saboda tana buɗewa da damina, ta tsuke da rani. Kwalin taliya kuwa tsami ne da shi, a hankali yake mai da farar takarda rawaya.

Hunturu shi ma da tasa. Ƙura ta baya take shiga, shi ya sa yanzu na fi ɓata lokaci wajen rufe bayan firam fiye da goge fuskarsa. Robar da ake sawa a madadin gilashi ba ta saurin fashewa, amma janyo ƙura take, zanen gawayi ma sai ta tsince shi. Zanen fenti mai mai a kan ƙyalle yawanci ba na sa masa gilashi. Wanda ya kawo shuɗin Ƙofar Mata kuwa, kafin mu yi ciniki sai na tambaye shi ko bangon yana kallon taga, don rana ba ta barin launi.

Masu saye dai har gobe ƙyalli suke fara nunawa. Nakan juya musu bayan firam ɗin, wasu su saurara, wasu su ce in rage kuɗi kawai.

Alaramma ya ƙi yarda a maimaita haruffan da suka ɓalle, ya ce hannun malaminsa ne, kuma malamin ya rasu. Haka muka sake ɗaure ta da giɓinta. Kuɗin sabon firam ɗin daga cikin sallamata maigida ya cire, har sati uku.