Abin da Na Koya Wajen Mayar da Birkin Baya na Tsohuwar Akori-kura Zuwa na Faifai

Motar farko da na yi wa wannan aiki wata tsohuwar Hilux ce ta wani ɗan kasuwa mai ɗauko masara daga Saminaka zuwa Kaduna. Kukansa shi ne da zarar damina ta sauka sai gangunan birkin baya su cika da laka da ruwa, birkin ya daina kamawa sai an yi tafiya ya bushe, ga kuma yawan zuwa gareji domin a ɗaure shu, wato abin da ke gugar ganga daga ciki ya tsayar da taya. Ya sayo faifai biyu da kalifa biyu na gwanjo (kalifa ita ce abin da ke matse faifai idan an taka birki), ya zube su a gabana ya ce a saka. A lokacin na ɗauka aikin yini biyu ne, domin a ganina babu abin da ya wuce a cire ganga, a yanko ƙarfen da zai riƙe kalifa a Panteka, a ɗaure, a zuba mai. Motar ta yi kwana 19 a garejinmu.

Ranar da muka gama haɗawa, na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Muka yi bilidin, wato fitar da iska daga bututun birki, sau huɗu, yaro yana famfo ina buɗe noti, har muka ƙarar da kwalba uku ta man birki, kuma kowane zagaye man yana fita garau babu kumfa ko ɗaya. Maigidana, wanda ya yi shekaru yana gyaran Fijo tun zamanin da ake harhaɗa 504 a Kakuri, ya taso daga kan bencinsa, ya durƙusa ya leƙa bayan taya, sannan ya ce: "Kai yaro, iska a cikin ruwa sama take yi ko ƙasa?" Na ce masa sama, Oga. Ya nuna mini notin bilidin da yatsa ya koma ya zauna. Ashe kalifar dama na saka a hagu, ta hagu a dama, saboda haka notin ya koma ƙasa, iskar kuwa ta taru a sama inda babu ƙofar fita. Ko da za mu kwana muna famfo, mai ne kawai zai riƙa zuba. Ya kuma tuna mini cewa bawul ɗin da ke ƙarƙashin bodin Hilux, wanda aka haɗa da aksil na baya da siririn ƙarfe, shi ma yana da nasa notin bilidin, kuma mun tsallake shi.

Bayan mun juya kalifofin birkin ya yi tauri, amma sai ƙafa ta yi nisa kafin ya kama. A nan na koyi dabarar da har yau nake fara bincike da ita, wato matse tiyon roba ɗaya bayan ɗaya da abin da ba zai yanka shi ba, ana taka birki ana ji. Idan an matse na baya feda ta dawo sama, to matsalar tana baya. Idan an matse duka amma feda tana nutsewa a hankali, to masta, wato famfon da feda take turawa ya aika mai zuwa tayoyi, ita ce take yoyo a cikinta. Tamu ta nuna baya. Dalili biyu ne suka haɗu. Fistan na kalifa ya fi na silindar ganga faɗi nesa ba kusa ba, don haka yana shan mai da yawa, kuma mastar da aka ƙera domin ganga ba ta tura abin da zai ishe shi a taku ɗaya. Sannan irin kalifar da ke ɗauke da birkin hannu a jikinta, fistan ɗinta yana matsowa kusa da faifai ne ta hanyar jan hannun birkin, mu kuwa ba mu ma haɗa wayar ba tukuna, sai ya zama akwai rata tsakanin faifai da fad, wato abin da ke cikin kalifa yana gugar faifan, ratar da feda take cinyewa kafin komai ya kama.

A wata motar daban na gamu da akasin wannan. Direban ya dawo bayan tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba, wili yana ƙauri, na tofa yawu a kan faifan ya yi cuuu ya bushe nan take. Na ɗaga motar da jak, taya ta ƙi juyawa da hannu, amma ina sassauta notin bilidin sai mai ya yi tsartuwa, tayar ta sake. Wannan ya nuna cewa matsin mai ne yake maƙalewa a cikin bututu, kalifar lafiyarta ƙalau. Tsofaffin masta da yawa suna da ɗan ƙaramin bawul a bakin bututun baya wanda yake riƙe matsi kimanin 10 a ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, domin robobin silindar ganga su zauna daram kada iska ta shiga. Ganga tana da sifirin mai ƙarfi da yake janye shu duk da wannan matsi, kalifa kuwa ba ta da shi, sai fad ya yi ta gugar faifai. Cire bawul ɗin bai ɗauki rabin sa'a ba, gano shi ne ya ci yini guda.

Abin da ya fi tsorata ni a aikin Hilux ɗin, wanda kuma ya canza yadda nake kallon birki gaba ɗaya, ya faru ne ranar gwaji. Na fita da ita babu kaya, a kan hanyar burji da aka yi wa yayyafi, na taka birki da ƙarfi a gudun da bai wuce kilomita 50 ba, sai kawai na ga ina kallon inda na fito. Tayoyin baya ne suka kulle kafin na gaba, bayan motar ya zagayo. Idan mota ta taka birki nauyinta gaba yake komawa, shi ya sa birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin, kuma akori-kura da babu kaya a cikinta bayanta ba shi da nauyin da zai danne taya a ƙasa. Wancan bawul mai haɗe da aksil aikinsa ke nan: idan an yi lodi bodi ya sauka, sai ya bar mai ya wuce baya da ƙarfi, idan babu kaya sai ya rage. Amma an auna shi ne da ganga da kuma tsayin motar na asali, ita kuwa wannan an ƙara mata ganyen sifirin saboda buhuna, sannan wani ya taɓa lanƙwasa ƙarfen bawul ɗin zuwa sama domin birki ya ƙara ci. Mutane da yawa suna jin cewa ƙarin cin birki a baya alheri ne, alhali tayar gaba idan ta kulle mota tana tafiya ne miƙe, ta baya kuwa idan ta kulle sai ta juya da mai ita. Sai da muka yi ta saita ƙarfen muna gwadawa, sau ɗaya babu kaya, sau ɗaya da buhu 10 na yashi, yaro yana tsaye a gefen hanya yana kallon tayar da ta fara ja a ƙasa, har muka tabbatar ta gaba ce take riga.

Akwai kuma matsalar da ba ta bayyana a gareji sai a kan hanya. Direba zai ce bayan ya sha kwana ko ya wuce gargada, takun farko birki yana nisa, na biyu kuma ya dawo daidai. Yawanci boris na shaf ne ya yi wasa, ko fuskar da faifai yake zama a kai ta karkace, sai faifan ya riƙa kaɗawa yana tura fistan ciki. Ganga tana haƙuri da irin wannan wasa, faifai kuwa kaɗawar da ta wuce kashi ɗaya cikin 10 na milimita ta isa ta jawo damuwa, abin da ido ba zai gani ba sai an ɗora agogon awo. Tsatsa kaɗan da aka bari a bayan faifai ma tana iya haifar da haka.

Yanzu idan wani ya kawo mini irin wannan aiki, kafin na taɓa sifana nakan tambaye shi inda yake ajiye motar da irin lodin da yake yi, domin birkin hannu na kalifa ba ya riƙe mota mai kaya a gangare kamar yadda na ganga yake riƙewa, tunda shu yana ƙara cusa kansa a jikin ganga idan taya ta nemi juyawa. Nakan kuma lissafa masa kuɗin masta, da tiyon roba a kowace kalifa domin bututun ƙarfe tsagewa yake yi idan kalifa tana motsi, da sabon boris, da wilin da zai iya ɗaukar kalifar ba tare da guga ba. Wanda ya zo na ƙarshe ya saurari lissafin har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, a saka mini sabon shu da silinda kawai." Na saka masa, na wanke gangunan, na canza man birkin da ya riga ya koma baƙi kamar shayi, ya tafi kafin la'asar.